Gajeruwar Rashin Lafiya

Auta ta ɗora biro a kan tambaya ta bakwai a takardar asibiti ke nan, innarta, yayar mahaifiyarta, ta dafe mata hannu.

"Rubuta babu."

"Inna, ko gama karantawa ban yi ba."

"Ko kin gama, amsar ke nan. Mu a danginmu tsufa ke kashe mu."

Mahaifin Auta yana can ƙarshen bencin. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran rubutu a maɗaba'a, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Jan Biro. Ya leƙo takardar ta saman tabarau. Tambayar ba ta da kwana-kwana: shin a dangi akwai wadda ta taɓa yin sankarar ƙwan mahaifa ko ta mama?

"Gaskiyarki, Yaya," ya ce. "Marigayiya ƙanwarki ta tsufa tukuf. Shekara arba'in da huɗu. Har mun fara nema mata sanda."

Inna, yayar matarsa ce, ta yi masa kallon da take yi masa tun ranar da ya fara zuwa zance gidansu. Bai taɓa burge ta ba, shi ma ya daɗe da daina ƙoƙari.

Tun safe yake nazarin ɗakin jiran nan. Fanka tana juyawa don sauke nauyi kawai, talabijin yana ta motsa baki ba murya. Gaban nas akwai tire biyu. Takardar da ta faɗa na dama, mai ita za ta ga babban likita yau, a yi mata hoto cikin mako. Wadda ta faɗa na hagu, sai a ba mai ita maganin gyambon ciki, a ce ta dawo bayan wata uku in Allah ya kai mu. Nas ɗin kuwa ba fuska take dubawa ba. Tambaya ta bakwai take dubawa.

Auta malamar lissafi ce, shekararta talatin da biyar. Wata uku ke nan cikinta na kumburi, loma uku ta ce ta ƙoshi. Mijinta ya ce iska ce, ya tafi aiki. Mai Jan Biro ya san wannan iskar. Ya taɓa zama da ita a ɗaki ɗaya.

Jikin bango an manna babbar takarda, an jera abubuwan da ke ƙara wa mace haɗarin ciwon. Inna ta nuna ta da haɓa.

"Ka gani ko? Rashin haihuwa. Shekara tara da aure, ko ɓari babu. Ga ƙiba nan ma an rubuta. Tun yaushe nake faɗa mata ta rage zama a kan kujera?"

"Idonki garau, Yaya, Allah ya ƙara lafiya. Layin ƙarshe fa? Wanda aka rubuta gado da manyan baƙaƙe?"

"Tabarauna bai kai nan ba."

"Haka ne. Tabarau ne mai kunya."

"Don Allah ku bari," in ji Auta. "Mutane na kallonmu."

Ta sunkuya ta rubuta babu, da kyakkyawan rubutun malamai, har da aya.

Mahaifinta ya dubi kalmar, ya ji ambulan ɗin da ke aljihunsa ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Sakamakon gwajin matarsa ne. Da asuba ya ciro shi daga ƙasan akwati yana cika baki shi kaɗai, ga shi har azahar ta kusa bai iya fito da shi ba.

Laifin ba na Inna ba ne ita kaɗai, kuma wannan ne abin da ya fi ƙona masa rai. Ranar da matarsa ta rasu, dangi suka taru suka ce a rufa asiri, akwai 'yan mata a gida, kada a ce zuri'ar mai ciwo ce. Shi da kansa ya tsara sanarwar a maɗaba'a: ta rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. Wata goma sha huɗu tana narkewa a kan katifa, amma gajeruwa. Sau uku ya bi rubutun, bai sami kuskure ko ɗaya ba. Auta tana makarantar kwana a lokacin, aka ce mata olsa ce. A danginsu ba wadda ta taɓa doguwar jinya. Duk a gurguje suke mutuwa, kamar masu gudun kada mota ta tashi ta bar su.

"Lamba arba'in da biyu!"

Auta ta miƙe. Ya riga ta kai hannu, ya zare takardar, ya shimfiɗa ta a gwiwarsa. Jan biron yana inda ya saba zama, a aljihun gaba. Ya ja layi ɗaya a kan babu.

"Malam!" Inna ta yi ƙasa da murya. "Kana cikin hankalinka? A gaban jama'a?"

"Ranar wanka ce, Yaya. Cibiya ta gaji da ɓuya."

Ya rubuta a gefe, ƙanana, yadda ya saba. Uwa: sankarar ƙwan mahaifa, shekara arba'in da huɗu. Kaka: kumburin ciki, shekara hamsin, ba a gwada ba. Ƙanwar uwa: sankarar mama. Sannan ya ciro ambulan ɗin ya ɗora a kai.

Auta ta karanta a tsaye. Ta sake karantawa.

"Baba, ce min ka yi olsa ce."

"Na ce."

"Shekara goma sha tara."

"Ke ce malamar lissafi."

"Wata uku ina shan maganin olsa kana kallona."

"Ita shekara guda ta yi tana sha. Ni nake sayo mata."

Auta ba ta yi kuka ba. Ta karɓi takardar da hannu biyu ta nufi tebur, suka bi ta.

Nas ta ɗaga takardar ta yatsine fuska. "Baba, ba a cika mana fom da jan biro."

"Ba cikawa na yi ba, 'yata. Gyara na yi."

"Nawa ka rubuta?" Inna ce ta tambaya daga bayansa.

"Uku."

"Kai da ake cewa ko waƙafi ba ya wuce ka."

Ya juyo. Ta ɗora tafin hannu a ƙirjinta, ɓangaren hagu, ta danna mayafin. Mayafin ya kwanta shafal, babu maman da zai tare shi.

"Tafiyar da na yi wajen ɗana shekara shida da suka wuce, wata huɗu ban dawo ba, ka ɗauka renon jika na je?"

Ya tuna. Shi ya ɗaukar mata jaka har tasha, yana yi mata ba'a cewa gari zai huta.

"Yaya..."

"Kada ka yi min Yaya. Sa huɗu, yarinya na jira."

Ya karɓi takardar daga hannun nas. Karon farko a rayuwarsa layin jan biron ya karkace. Inna ta leƙo ta tabbatar ya rubuta, da tabarau ɗin nan mai kunya.

"To," ta ce, tana gyara mayafi. "Amma ka ji da kyau. Ranar da na mutu, gajeruwar rashin lafiya za ka sa."

"Ai na iya ta, Yaya."

Nas ta bi jan rubutun da yatsa har ƙasa, ta ɗago ta dubi fuskar Auta. Sannan ta ajiye takardar a tiren dama.