Direban da Ya Faɗa Kogi

Ni Illo, ban taɓa zama a ajin lakwal, makarantar boko, ba, amma yaƙin Faransa biyu na gani, ciwon agana ya kama ni ya sake ni, kwalekwale ya kife da ni a Goudel na fito da hulata a ka. Ku tambayi kowa a unguwar Gamkalley.

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, akwai wani mai gyaran agogo a bakin kasuwa, Malam Gulam, mutumin Pakistan ne da ya iya Hausa a Kano. Duk wata ana aiko masa ɗan littafi da harshensu na Urdu, labarin wani ɗan sanda mai bin sawun masu kisa. Bayan la'asar sai ya fassara mana, ni da Isaka. Isaka abokina ne tun muna soja, kamiyo, babbar motar kaya, yake tuƙawa zuwa Dosso, ni kuwa ina dahuwa a gidan wani ma'aikaci a unguwar Plateau.

Ɗan sandan bai dame mu ba. Namu su ne mutum biyu da ke dawowa a kowane littafi: mai dahuwarsa da direbansa, kullum cikin zagin juna. Isaka ya ce mai dahuwar ni ne, har tumbin. Na ce direban shi ne, tunda shi ma bai san birki ba. Na kan ce masa irinmu ba ma mutuwa, manya ake harbewa, mu mai littafin ba ya iya rabuwa da mu.

Sai wani littafi ya ƙare da motar direban ta faɗa kogi. A watan nan tari ya kwantar da Isaka. Duk ranar da na je gaishe shi, kafin ya amsa sallama sai ya tambaya ko sabon ya iso. Matarsa Zeinabu ta ce mini ko kunu ba ya nema kamar yadda yake neman labarin nan.

Ranar da ya iso, Malam Gulam ya duba shi tun daga farko har ƙarshe, yana lasar yatsa. Ya ce babu direban. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce ya fito ba. Wani sabo ne kawai ke riƙe da motar, mai dahuwar ma bai tambaya ba.

Na ari littafin na tafi gidan Isaka a Gamkalley. Na zauna gefen tabarma na buɗe shi kamar na iya, na ce Malam ya ba ni labarin duka. Na ce direban ya fasa gilashi ya yi iyo, ya kama ɓarayi uku da jiƙaƙƙen rawani. Na ba da shi da kyau, don ni wajen labari ba a fi ni ba. Na ce da ya koma gida mai dahuwar ya yanka masa kaza, ya ce duk ƙasar babu direba kamarsa.

Isaka ya daɗe yana kallona. Ya yi dariya har tarin ya tashi.

"Tumbi, ƙarya kake. Littafi goma sha ɗaya, mai dahuwar nan bai taɓa yabon direba ba."

Na rantse. Ya ce in bar rantsuwa, in sake faɗin wurin kazar. Na sake. Ya ce in ƙara.

Ranar Alhamis muka kai shi makabarta. Ni na shiga ramin na karɓe shi, ban bar wa kowa ba.

Malam Gulam ya ci gaba da samun littattafansa har shekara huɗu. Ya ce mai dahuwar yana nan a cikin kowanne, lafiyarsa lau. Ban koma na saurara ba.