Maigandi Ya Tafi Sayen Irin Albasa

Maigandi taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da izinin in faɗi duk abin da na ga dama a kansa, shi kuma sai dai ya yi ƙwafa. Manomin shinkafa da albasa ne a fadamar Birnin Kebbi. Mutumin kirki ne, ban hana shi ba, amma taurin kansa sai wanda ya gani.

Ɗansa na fari sunansa Abdussamadu. Kun dai san al'adarmu da ɗan fari: uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya ma nuna ya san da zamansa a gaban mutane. Wasu sukan sassauta idan yaro ya girma. Maigandi kam, ina! Har Abdussamadu ya yi gemu, ya yi aure, ya buɗe rumfar gyaran keke a bakin kasuwa, sunansa a bakin ubansa bai wuce "wancan" ba. A ba wancan tuwo. A ce wa wancan ya zo.

Shi kuwa wancan ɗin, Allah ya zuba masa son keke. Kullum da safe kafin ya buɗe rumfa sai ya haura duwatsun Dukku ya sauko, wata rana ya leƙa Kalgo ya dawo jiƙe da gumi. A shekarar da nake ba ku labari, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, aka shirya tseren keke daga Birnin Kebbi zuwa Argungu cikin shagalin bikin kamun kifi. Abdussamadu ya shiga, sannan ya zo ya same ni a zaure ya durƙusa.

"Baba Arzika," in ji shi, "wallahi ba kyautar ta dame ni ba. So nike Baba shi gan ni bisa keke, ko sau guda. In ni na yi mai magana, kunya ba ta barin mu."

Tausayinsa ya kama ni sosai. Na tafi na sami Maigandi a gona na gaya masa. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Ni da hurhurata in tahi kallon wasan yara? Arzika, kai dai ba ka girma."

Na zazzaga masa abin da ya samu na yi tafiyata. Ana gobe tsere sai ga shi a ƙofar gidana, yana kallon gefe, wai yana neman ɗan rakiya zuwa Argungu, zai sayo irin albasa. Irin albasa! Mutumin da bai gama cire ta bana ba, kuma na san yana da iri cike da tulu a ɗakin matarsa. Na haɗiye dariyata na ce Allah ya kai mu.

Bayan sallar asuba na same shi a shirye, cikin farar babbar riga da hular da yake zuwa idi da ita. Na ce masa masu sayar da irin albasan nan lallai manyan mutane ne. Matarsa Riskuwa ta fito da gorar fura wadda mutum biyar ba za su shanye ba, ta ɗaure masa a bayan keke. Ita ma ba ta kiran sunan yaron.

"In kun ga mai ƙishirwa bisa hanya," ta ce, idonta a ƙasa, "ku ba shi."

Muka hau tsofaffin kekunanmu muka wuce ta gefen abin da ya rage na tsohuwar ganuwa, muka ɗauki hanya. Kai, safiyar nan ta yi daɗi! Hanya ta hau tudu ta gangara, ta sake hawa. Ta hannun hagu fadama ce shimfiɗe kore shar, masu ban ruwa sun riga sun fito, ga balbelu suna bin shanu. Idan muka zo hawa sai mu yi ta nishi muna zagin gwiwoyinmu, idan muka zo gangara sai mu saki feda mu bar keke ya yi aikinsa. A wata doguwar gangara iska ta cika rigar Maigandi ta kumbura kamar buhun ƙaiƙayi, ya wuce ni yana kaɗa ƙararrawa yana ihu, "Matsa, tsoho!" Shi ne fa mai cewa keke wasan yara ne.

A Ambursa muka tsaya muka sha kunu da ƙosai mai zafi. Mai ƙosan ta tambaya ko kallon tsere za mu. Maigandi ya ce shi bai ma san ana wani tsere ba.

Da muka iso Alwasa rana ta ɗan ɗaga. Ya sauka ya jingina keke, ya nuna mini filin da kakanni suka ce an gwabza babban yaƙi a zamanin jihadi, ya ɗaga hannu ya yi wa waɗanda suka kwanta a nan addu'a. Na shafa tare da shi. Amma ina lura, yana ba ni tarihi, wuyansa yana juyawa baya wajen hanyar da muka fito.

"Mi kake dubi?" na ce. "Mayaƙan sun wuce tun ba a haifi kakanka ba."

"Wuyana ka ciwo," in ji shi.

Muka ci gaba. Dab da Argungu akwai wani tudu mai tsawo wanda yake cinye ƙarfin mai keke, daga samansa kana hango gari da hasken ruwan gulbi. Jama'a sun taru a nan gefen titi suna jiran 'yan tsere. Muna kaiwa sama Maigandi ya ja birki a gindin wata tsamiya, wai tayarsa ta sace. Na matsa tayar da yatsa, tauri kamar dutsen niƙa.

"To, irin albasa fa?"

"Ba ya gudu," in ji shi. Ya ciro famfo ya tsuguna yana ta fama da tayar da ba abin da ya same ta.

Ba mu daɗe ba sai ga babur da jan ƙyalle yana share hanya, jama'a suka ɗau sowa. Can ƙasan tudu muka hango mutum biyu sun baro sauran nesa. Ɗaya wani dogo ne, Dikko mutumin Augie, wanda kowa ke cewa shi zai ci. Ɗayan kuwa, wanda ke gaba da ɗan kaɗan, ya miƙe tsaye a kan feda yana jujjuya keke hagu da dama, Abdussamadu ne.

Famfo ya faɗi daga hannun Maigandi. Ya miƙe. Ya kama hannuna ya matse har na ji zafi. Yaron yana hawowa, bakinsa a buɗe, gumi na zuba, Dikko kuma yana matsowa a hankali. Na ji taubashina yana wani gurnani a maƙogwaro. Sai kawai ya ture mutane ya faɗa bakin titi, hular idi ta yi nata wuri, ya buɗe murya yadda ban taɓa ji ba.

"Abdussamadu! Abdussamadu!"

Jama'a, me kuke tsammani? Yaron da aka yi wa tarbiyya, ubansa ya kira shi! Sai jin ƙarar birki muka yi, ƙiiii. Abdussamadu ya diro, ya kwantar da keke a tsakiyar titi, ya zo gaban ubansa ya durƙusa har ƙasa yana haki.

"Na'am, Baba."

Dikko ya wuce fuu. Na bayansa ya wuce, wani ma ya wuce. Maigandi ya ɗora hannu biyu a ka.

"La'ilaha illallahu! Wa ya ce ka sauka? Tashi! Hau! Hau, don Allah!"

Shi da kansa ya ɗaga keken, ya cusa yaron a kan sirdi, ya kama bayan keken yana turawa da gudu, babbar riga tana harɗe masa ƙafa, har sai da gangara ta karɓe shi. Ni kam dariya ta kayar da ni a gindin tsamiya, ina yi hawaye na zuba, kuma ba duka na dariya ba ne.

Muka tsinci hula muka gangara cikin gari. An kammala tseren a wani fili kusa da Gidan Nabame, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi. Dikko ya ci, an ɗaga shi sama ana kiɗa. Abdussamadu ko na uku bai samu ba. Muka same shi zaune a inuwar katanga, ƙafafu a miƙe, yana ta murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Maigandi ya kwance gorar fura ya dangwara a gabansa, ya fara faɗa yana kallon katanga.

"Mutum shina gaba, gari ga shi ana gani, shi tsaya gaisuwa! Wane irin sakarci ne wanga? An ce ka tsaya?"

"Kai ka kira ni, Baba," in ji Abdussamadu a hankali. "Tun da anka haife ni ban taɓa jin sunana ga bakinka ba. Na ji kamar muryarka ce, na ce ko mi za a ba ni can gaba, sai na tsaya na tabbata."

Faɗa ya ƙare. Maigandi ya juyo daga kallon katanga. Ya duba ni, ni kuwa karon farko a rayuwata na rasa tsiyar da zan yi masa. Can daga bakin gulbi ana jin ganguna, masunta suna wucewa da goruna da homa a kafaɗa, ba wanda ya kula da mu.

Sai ya tattara babbar rigarsa ya zauna a ƙasa kusa da ɗansa, kafaɗa da kafaɗa, a gaban duk mai wucewa. Ya cire marfin gorar da hannunsa, ya girgiza ta, ya miƙa masa.

"Uwarka ta dama," ya ce. "Sha, Abdussamadu."