Kwana Uku Ban Da Zuƙa

Jikana bakanike ne. A gareji suka laƙaba masa Sufana, sunan ya biyo shi har gida. Ni dai Maigida nake ce masa tun yana rarrafe, shi kuma ya ce mini Tsohuwa. Mu biyu ne a gidan, a hawa na biyu, tagar falonmu tana kallon titi.

Ranar Litinin aka cire masa haƙori, na can ƙurya, irin wanda ba ya fitowa sai mutum ya yi gemu. Nasa a kwance ya fito yana tunkuɗar na gabansa, kunci ya kumbura kamar ya ɓoye lemo a ciki. Da son ransa ne da ba a taɓa shi a makon ba, domin ranar Alhamis yake da jarrabawa a kamfanin manyan motocin haya. Mutum talatin suka nema, biyu za a ɗauka. Shekara shida ke nan yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a bakin titi, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ga shi yanzu ƙofa ta buɗe. Amma zazzaɓi ya fara shigarsa, likita ta ce ba a jira.

Da ta gama, ni ta kalla, don shi bakinsa cike yake da auduga.

"Mama, ki saurare ni da kyau. Jini zai daskare ya rufe ramin nan, shi ne murfinsa. In ya zauna kwana uku, Alhamis zai je jarrabawarsa lafiya lau. In ya fita, ƙashi zai zauna a fili, ciwon kuwa ba na yi wa maƙiyina fatansa. Ban da kurkure baki, ban da tofar da yawu da ƙarfi, ban da abu mai zafi. Babban abin shi ne zuƙa. Kada ya sha komai da tsinken shan lemo."

Na ce, "Kin ji shi nan, ko jariri ne sai na fi samun sauƙinsa."

Ya harare ni ta saman audugar.

Muna isa gida na tattara tsinkayen shan lemo da ke kicin na zuba a shara. Na ɓoye tukunyar shayi. Na dama masa ayaba da yogot, ya ci cokali huɗu ya ture. Zama kuwa, ina! Mutumin da tun asuba hannunsa ke cikin inji, ka ce ya kwanta ya ɗora ƙanƙara a kunci? Ya kwanta, ya tashi. Ya je taga, ya dawo. Ya ɗauki takardun karatunsa, ya juya shafi biyu, ya ajiye. Kafin la'asar ya kwance fankar falo, wai tana ƙara. Shekara tara ina zaune ƙarƙashin fankar nan ban ji ta yi ƙara ba.

"Maigida, zauna mana, kana sa ni jiri."

"Tsohuwa, harshena ne yake ta zuwa wurin."

"To ka ja masa kunne. Ramin ba gidan ubansa ba ne."

Ya so ya yi dariya, ya dafe kunci.

Talata ma haka muka yini. Duk bayan ɗan lokaci sai ya je gaban madubi da fitilar waya ya leƙa ramin, ya dawo ya ce mini murfin yana nan. Ni ma, in faɗa muku gaskiya, hankalina ba a kwance yake ba. Ko atishawa ya yi sai gabana ya faɗi.

Wajen ƙarfe huɗu motar mai burodi ta mutu a daidai ƙofar gidanmu, ta tare rabin titi. Aka hau danna oda. Ashe mai ne ya ƙare masa. Wani mai tasi ya tausaya ya tsaya, ya ce a ɗebi kaɗan a tankinsa. Suka samo tiyo da galan, suka zura, suka tsaya suna kallon juna. Mai burodi ya hura, mai tasi ya girgiza tiyon, ko ɗigo. Duk wannan a idon Sufana, yana tsaye a taga yana buga ƙafa.

"Dubi yadda suka ɗaga galan sama! Ta ina mai zai hau?"

"Ba ruwanka."

"Faɗa musu kawai zan yi."

Na shiga kicin kashe murhu. Wallahi ko minti biyu ban yi ba. Ina fitowa na ga falo wayam, ƙofa a buɗe. Na leƙa ta taga, sai ga Maigidana durƙushe a bakin tasi, ya sauke galan ƙasa, ya kai tiyon bakinsa. Na ƙwala kira, ƙarar oda ta cinye muryata. Ya zuƙa, irin zuƙar da ya yi sau dubu a gareji, mai ya taho, ya juya ya tofar da na bakinsa da ƙarfi a kan kwalta. Mai burodi yana ta sa masa albarka.

Sai na ga ya tsaya cak. Ya kalli abin da ya tofar, ya ɗago ya kalli tagarmu.

Can ya hawo. Ya tsaya a bakin ƙofa da burodi biyu a hannu, waɗanda ko ci ba zai iya ba.

"Tsohuwa, ai tsinken lemo ta ce."

"Eh, tiyo kuma ƙanin babanka ne."

"Wallahi ban ma san na kai baki ba. Hannuna ne ya saba."

Laraba da safe ciwon ya iso. Ya fara daga ramin, ya bi muƙamuƙi, ya shige kunne. Yaron da ƙarfe ya taɓa fasa masa yatsa bai ce uffan ba, sai ga shi yana zagaye teburin falo, hannu a ka, ido jawur. Muka koma wurin likita. Ta leƙa, ta ga murfin ya fita, ta girgiza kai.

"Me ya sha?"

Na ce, "Fetur."

Ta cire tabarau ta dube ni, ta dube shi. Ta wanke ramin, ta cusa masa wata 'yar auduga mai magani, ta ce zai lafa amma ba zai tafi ba, kuma wannan ma in ya zuƙe ta kada ya dawo mata.

A mota ya ce ba zai je jarrabawar ba. Wai yaya zai amsa tambaya da baki rabi a buɗe, ga kai yana sara. Na ce ya bari mu isa gida. Muka isa, ya ci gaba da zagayensa, daga falo zuwa baranda, daga baranda zuwa falo. Ni ma na kasa zama, sai na tashi na nemi aiki. Akwai duron ruwa a barandarmu da ya daɗe yana son wanki. Ba na iya karkata shi, kuma numfashina ba na zuƙar tiyo ba ne, shekaru sun ja. Na yi yadda na saba: na tura tiyon cikin ruwan gaba ɗaya har ya cika, na toshe bakinsa da babban yatsa, na jawo shi ƙasa zuwa magudana, na saki. Ruwa ya kama gudu.

Sai na ji takun ya tsaya a bayana.

"Sake yi in gani."

"Ka biya kuɗin makaranta?"

Na sake. Ya karɓa ya gwada, ya jiƙa wandonsa, ya sake gwadawa. Sau biyar ya yi, kuma a ranar nan wannan ne kaɗai lokacin da na ga ya manta da kuncinsa.

Alhamis na goge masa riga na rataye a ƙofar ɗakinsa, ban ce je ba, ban ce kada ka je ba. Ya daɗe yana kallonta. Can ya saka, ya haɗiyi maganinsa, ya fita.

To, ni aka bar wa zagayen. Na share falo sau biyu. Na kunna rediyo na kashe. Na je taga ya fi a ƙirga, har mai shagon ƙasa ya ɗago ya tambaye ni ko lafiya. Fankar da ya kwance tana nan a ƙasa, sai tuntuɓe nake da ita.

Sai bayan la'asar ya shigo, riga duk baƙin mai, kunci ya ƙara hawa. Ya zube a kujera.

"Yaya?"

"Tambayoyin baki na lalata su. Sau uku babban injiniya yana cewa in maimaita, bai ji ba."

Na zauna.

Ya ce daga nan aka kai su wurin wata bas da ba mai a tankinta, ga duron gas, ga jarka, ga tiyo, aka ce kowa ya ɗebi mai daga duron ya tayar da ita, ana duba agogo. Ɗaya bayan ɗaya ake shiga, kowa ya fito yana goge baki yana tofe-tofe. Da aka zo kansa ya ɗauki tiyon, har ya kai shi haɓa, sai ramin ya yi masa wani irin suka. Ya sauke. Ya tura tiyon cikin duro har ƙarshe, ya toshe da yatsa, ya jawo. Na farko bai kama ba, na biyu ya kama. Ya fi kowa daɗewa.

"Sai injiniyan ya ce wa ya koya mini. Na ce kakata. Ya nuna mini bango, ashe ga famfon hannu nan a rataye, mu duka ba wanda ya ɗaga kai ya gani. Ya ce a kamfaninsu duk wanda ya sa baki a tiyo, ranar zai ajiye kayan aiki."

"To sai me? Yi magana mana, ka bar ni a rataye!"

"Tsohuwa, bakin ne ba ya buɗuwa." Ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini. "Gwajin wata uku. Litinin zan fara."

Na riƙe takardar, ban ma nemi tabarau ba. Na ce ya tashi ya mayar mini da fankata tun kafin ya zama babban mutum. Ya ce sai ya ci abinci. Na kawo masa ayaba da yogot, ya kalli kwanon kamar zai yi kuka, ya ɗauki cokali.