Motar da Ta Watsa Sahun Asuba

Motar Maharazu ba ta da aibu muddin rana ta fito. Tsohuwar a-kori-kura ce mai shan dizal, tana kwasar buhunan gero daga Baure zuwa kasuwannin ƙauye, ran Lahadi ta leƙa Mai'adua. Amma da zarar sanyi ya kama, sai halinta ya koma na tsohon jaki. A murɗa makulli ta yi gurnani, ta hura farin hayaƙi, ta yi tsit. Sai an tura.

To, wa ake samu da asuba ban da masallata? Gidan Maharazu kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsa da masallacin unguwa. Shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, masallacin nan har waje ake yin sahu, tura mota kuma abin raha ne. Ana sallamewa majiya ƙarfi za su dafa bayanta suna kabbara, kafin a kai bakin kwalbati ta kama. Amma yau da gobe ba ta bar komai ba. Majiya ƙarfin nan suka zama masu iyali da ciwon baya, ita kuwa motar kullum ƙara nauyi take yi. Da farko sai mutum ya sallame ya zari takalmi ko addu'a bai tsaya ba. Daga baya wasu suka gano cewa ƙira'ar limamin masallacin tasha ta fi daɗi. Sauran kuma mura ta kama su, irin murar da ba ta warkewa sai hantsi.

Maharazu ba makaho ba ne, yana gani. Shi ma ya gaji. Ya gaji da faɗin "Jama'a, a taimaka", ya gaji da yadda ake kallon tabarma in ya miƙe.

Wata asuba Liman Abdulbaƙi ya riƙe masa hannu bayan addu'a.

"Malam Maharazu, ka waiwaya ka ga sahun yau?"

"Na gani, Allah gafarta Malam."

"Daga ni sai kai sai ladan, sai tsofaffin da ko ƙyaure ba sa iya turawa. Ban ce da gangan kake yi ba. Amma motar nan tana cinye wa bayin Allah ladan jam'i."

Maganar ta soke shi ƙwarai. A ce shi ne ya raba mutane da ɗakin Allah, shi da tun yana saurayi bai taɓa fashin asuba ba! Ranar bai nemi kowa ba. Ya jira rana ta ɗaga, matarsa Kubura ta tafasa ruwa a tukunyar tuwo suka kwarara wa injin, ta tashi da ƙyar. Ya bar kasuwa ta ci babu shi, ya nufi Daura.

Ɗantsoho bakanike ya buɗe gaban motar, ya saurari bayani yana hamma.

"Baba, hita ce ta mutu. Ita mai dizal ba ta da tartsatsi, zafi take so. Akwai wasu ƙarafa huɗu kamar yatsa a kan injin, su ke dumama mata ciki kafin ta tashi."

Ya kwance ukun farko, yana jona kowace da batir. Mai rai bakinta kan yi ja kamar garwashi. Waɗannan ko ɗumi ba su yi ba. Ta huɗun ce ta ƙi motsi, tsatsa ta haɗe ta da injin.

"Danna mata ƙarfi mana," in ji Maharazu.

"In na danna ta karye a ciki, sai an sauke kan injin, ka kwana biyu a Daura. Wannan lallashi take so."

Haka aka wuni ana lallashin ƙarfe. A tsiyaya mata man birki, a tashi injin ya yi zafi, a kashe, a murɗa kaɗan, a mayar baya, a koma a zauna. Maharazu na kan tsohuwar taya, bayansa na ciwo, duk sanda sifana ta yi ƙara sai ya taso ya leƙa ko ta karye. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Can ta saki, ta fito baƙa ƙirin, bakinta ya kumbura. Ɗantsoho ya goge ramukan, ya ɗaura sababbi da hannu kafin ya sa sifana.

"Saura haƙuri, Baba. In ka buɗe makulli, ka jira 'yar wutar nan ta gaban sitiyari mai kama da naɗin igiya ta mutu, sannan ka murɗa."

Washegari Maharazu ya shiga masallaci da albishir a bakinsa, amma wa zai yi wa? Mutanen da labarin ya shafa suna can cikin bargo. Bin su gida-gida yana cewa an gyara kuwa, bakinsa ba zai iya ba, don kamar ya ce musu ya san dalilin murar tasu ne.

Kwana na biyu ya tashi kafin ladan. Ya shiga motar, ya buɗe makulli, ya jira 'yar wutar ta mutu, ya murɗa. Bugu ɗaya ta kama. Ya bar ta tana ruri a ƙofar masallaci, ya je ya yi alwala.

Ladan ya yi kira. Maharazu na nafila ya ji takun takalma a bayansa, ɗaya, sannan wani, sannan da yawa. Da aka tayar da salla, sahun farko ya cika, an soma na biyu. Bai ji daɗin da ya zata ba. Ya ƙudura in an sallame sai ya faɗa musu magana ko ɗaya ce.

Da aka shafa addu'a, maƙwabcinsa Mansur, wanda a da shi ke fara dafa motar, ya miƙo masa hannu.

"Malam Maharazu, ashe an samu lafiyarta?"

"An samu."

"Madalla, madalla."

Mansur ya yunƙura zai tashi, sai da ya dafa bango, ɗaya hannun a ƙugu. Maharazu ya bi shi da kallo har ƙofa, sai maganar da ya tanada ta narke a bakinsa. Ba mugaye ba ne. Sun gaji ne kawai, kamar yadda ya gaji.

Ya miƙe yana tunanin gobe, yadda zai ɗan ƙara runtsawa tunda yanzu babu roƙon kowa. Liman Abdulbaƙi ya sake kamo hannunsa, fuskarsa cike da fara'a.

"Allah ya saka da alheri. Amma ka san halin mutanenmu, in suka ji shiru za su ce ta koma gidan jiya. Gobe ma ka riga ladan tashi, ka kunna ta su ji."

"Har yaushe, Allah gafarta Malam?"

"Har sanyi ya wuce mana."

Maharazu ya ce to. Ya fita ya shiga motar da ke ta shan mai tun kafin kiran salla, ya kifa goshinsa a kan sitiyari, ya daɗe a haka kafin ya sa giya.