Wa Zai Shayar da Ɗan Tela

Ranar da motar asibiti ta ɗauke matar Tela, jaririnsu bai cika wata uku ba. Masu fararen kaya suka fito da ita ranga-ranga, suka fesa magani a ɗaki da tsakar gida har da keken ɗinkinsa, sannan ɗayansu ya miƙo masa gwangwanin madara da kwalbar shayarwa.

"Kada ya ƙara shan nononta, cutar tana bi ta nan ma. Ka riƙa ba shi wannan. In jikinsa ya yi zafi ka kawo shi."

Karo na uku ke nan da zazzaɓin nan mai sa zubar jini ya shigo garin. Na farko ya ɗauke mahaifiyar Tela, na biyu ya tafi da surukarsa da rabin layin mahauta. Duk lokacin da ya lafa sai manya su zo su yi jawabi, a ce an ga bayansa. Ga shi ya dawo, kuma duk tsohuwar da za ta nuna wa Tela yadda ake riƙon jariri tana ƙarƙashin ƙasa.

Sarkin Kuka suke ce wa yaron don tsokana, ran nan kuwa ya ci sunansa. Tela ya dama madara ya kai masa baki, ya tofar. Ya ƙara ruwa, ya rage ruwa, ya faɗaɗa hudar robar da allura, duk a banza. Yaron sai juya kai yake yana laluben ƙirjin ubansa. Kwana ya zagayo ba abin da ya shiga cikinsa, kukan da ke cika gida ya koma kamar na ɗan kyanwa.

An ce kada ya fita, amma ya naɗe yaron a zanen uwarsa ya nufi gidan yayarsa, wadda ita ma goyo take. Ya ƙwanƙwasa har hannunsa ya gaji. Ta leƙo ta taga.

"Yaya, don Allah ki ba shi ko sau ɗaya ne. Lafiyarsa ƙalau, yunwa ce kawai."

"Ka tsaya daga nan, kada ka matso."

"Ɗanki ne fa, Yaya. Ke kika yi masa wankan farko."

Ta rufe baki da mayafi, hawaye na zuba. "Na sani. In na ba shi na dawo na ba tawa, me zan ce wa ubanta? Ka yafe mini, ƙanena."

Ta tura tagar. Ya daɗe yana jin kukanta daga ciki.

Ya bi ta gidan mai wanki, wanda matarsa ta haihu kwanan baya. Tun daga nesa mai wankin ya ɗaga hannu. "Tela, mu da kai ba ta ɓaci, amma koma." Mai shagon da suke hira kullum ya hango shi ya jawo ƙofa. Matan da ya yi wa ɗinki shekara da shekaru suka riƙa janye 'ya'yansu ciki. Rana ta take, shi kaɗai a kan titi, yana kare fuskar yaron da hularsa.

Ƙafarsa ce ta kai shi filin bayan asibiti, inda aka kafa tantuna aka zagaye da raga biyu, da tazara a tsakani. Mutane na tsaye suna kiran 'yan uwansu. Shi ma ya yi ta kira har aka fito da matarsa a riƙe, aka zaunar da ita a benci. Idanunta sun yi jajir, gaban rigarta sharkaf da nono.

"Maigida, ya sha?"

"Ya sha," in ji Tela. "Kin san shi da ci, ubansa ya gado."

Ta yi ƙoƙarin murmushi. "To me ya sa ba ya kuka?"

Ya ɗaga yaron sama don ta gan shi, ta miƙo hannu biyu, aka mayar da ita ciki tana waiwaye.

Wata dattijuwa mai shara a wurin ta ga abin da ya faru. Ita ta yi cutar a karon baya ta tashi, shi ya sa aka bar ta tana kula da yaran da ke ciki. Ta matso bakin raga.

"Ɗana, jefar da kwalbar nan. Wanda ya saba da uwa ba ya karɓar roba. Cokali za ka sa, kaɗan-kaɗan ta gefen baki."

Ta aiko masa da ƙaramin cokali. Ya durƙusa a ƙasa ya dama madara, ya kai wa yaron cokali ta gefen baki. Yaron ya haɗiya. Ya sake haɗiya. Tela ya fashe da dariya, hawaye na ɗiga a kan zane. "Iya, ya sha! Wallahi ya sha!"

Wata nas da ke wucewa ta tsaya ta auna goshin yaron. Ta dubi na'urar, ta sake aunawa.

"Malam, jikinsa da zafi. Dole ya shiga."

"Rana ce! Tun safe muna yawo cikin rana!"

"Wataƙila. Amma dole ya shiga."

"To ku sa ni ciki tare da shi. Ku rubuta ni ma ina da ita."

Ba su yarda ba. Dattijuwar ta zagayo ta ƙofa ta miƙo hannu. "Kawo shi. A bayana zai kwana, ba zan ajiye shi ba."

Tela ya ƙanƙame yaron, ya dubi titi kamar zai ruga. Amma ya ruga ina? Duk ƙofofin garin ya riga ya ƙwanƙwasa su. Ya miƙa shi.

Kullum da safe yana bakin ragar. Ran nan dattijuwar ta fito ba goyo a bayanta, ta tsaya nesa ta sunkuyar da kai. Ba a ba shi gawar ba. Ma'aikata ne suka binne.

Matar Tela kuwa ta tashi. Bayan makonni aka sallame ta, ta rame kamar a hure ta ta faɗi, sanye da rigar da aka ba ta, don an ƙone nata kayan. Ta riga ta sani. Da suka kai mararraba ya juya hanyar gida, ta tsaya cak.

"Maigida, kai ni wurinsa tukuna."

"Ban san wanne ne ba," in ji shi. "Ba su bari na bi su ba."

"Mu je dai."

Suka nufi bayan gari, inda aka share sabon fili. Kaburbura jere-jere, ƙasarsu ba ta ko bushe ba, a can ƙarshe wasu mutane na haƙa ƙari. Ta riƙe hannunsa suka fara bin ƙananan, tana tsayawa a kan kowanne.