Shaidar Gidanmu a Cinyar Jimina

A gidanmu duk dabbar da ta shigo sai an yi mata shaida: zobe ɗaya, layi biyu a ƙasansa, da ƙarfen da aka gasa a wuta. Haka kakana ya yi wa shanunsa a daji. Babana, Alhaji Tahir, ya baro dajin ya yi gida a GRA, amma bai baro ƙarfen ba. A Kasuwar Shanu, in saniya na ɗauke da zoben nan, ba mai tambayar daga ina ta fito. A garin da kowa ke tsoron sayen shanun sata, wannan shi ne jarinmu.

Sai Baba ya sayi jimina.

Daga wajen iyakar Chadi aka kawo ta, a bayan akori-kura, kanta cikin buhu. Na ce, "Baba, irin wannan fa sai da lasisin gwamnati."

"Ka gama sakandare kana zaune a gida, yaushe ka zama lauya?"

Shiru ya fi mini araha.

Mahaifiyata, Hajja Kaltum, ta ga ana hura wuta. Ta ce, "Alhaji, komai tsawonta kaza ce. Wa ya taɓa yi wa kaza shaida?"

Ƙarti suka danne jiminar, Baba ya ɗora mata ƙarfe a cinya. Daga ranar ba ta sake ganin kowa da mutunci ba. Ta haɗiye cokulan shayi, ta haɗiye makullin janareta. Baƙi na ɗaukar hoto daga nesa, Baba na shafa gemu.

Wata Juma'a aka bar ƙofa a buɗe. Ta kama titi har unguwar Wulari. A can wani mai keken haya, Babagana, ya ga nama na gudu ba mai shi, ya sha gabanta. Harbi ɗaya ta yi masa. Haƙarƙarinsa ya karye.

Ma'aikatan kula da namun daji suka kama ta. Wani mahauci ya gane shaidar, shi ya sa jami'arsu, Madam Phebe, ba ta je gida ba. Kasuwa ta zo, ta same mu a rumfa, dillalai zagaye da mu.

"Wushe, sannu Alhaji. Jiminarka na hannunmu. Ba lasisi, kuma ta kwantar da mutum a asibiti. Maganar kotu ce."

Baba ya dubi hoton a wayarta. "Ba tawa ba ce. Ai tun da ambaliyar nan ta fasa gidan zoo dabbobi ke yawo a gari."

"Ambaliyar ce ta zana mata wannan?"

"Madam, ƙarfe ne fa. Kowane maƙeri zai ƙera irinsa. Wani ne ya kwaikwaya."

Ta rubuta, ya sa hannu. Da ta tafi ya dube ni yana murmushi. "Lauya, ka gani?"

Dillalai suka kalli juna. Su ba sa magana sai ranar ciniki.

Ranar ciniki Habib dillali ya dafa wani bijiminmu. "Alhaji, wannan naka ne, ko na maƙerin?" Aka yi dariya. Fataken Kudu ba su yi ba. Suka ce a kawo wanda zai shaidi inda aka sayo kowace saniya. Motocinsu suka tashi cike da shanun wasu. Sati na gaba ma haka.

Da Litinin Baba ya sa babbar riga, ya ce in raka shi ofis.

"Madam, jiminar nan tawa ce."

"Alhaji, ga sa hannunka cewa ba taka ba ce."

"Ƙarya na yi."

"To da wanne zan yarda? Kawo takardar mallaka."

"Ai rashin takardar shi ne laifin!"

"Ba ma kai mutum kotu haka kawai. Kawo hujja."

Muka koma gida muka ɗauko ƙarfen, nannaɗe a tsohon zanen Hajja. Bakin zoben yana da ɓalli tun zamanin kakana. Aka gwada a cinyar jimina ta tsakanin waya, ɓalli ya hau kan ɓalli. Tana ganin Baba ta kai harbi, har kejin ya girgiza.

Madam Phebe ta ce, "Wannan ma hujja ce. Ta san ka."

Kotu ta ci shi tara, ta ɗora masa kuɗin asibiti, ta ƙwace jimina. Ban taɓa ganin wanda aka yanke wa hukunci yana godiya haka ba. Ya sa na buga takardar hukuncin da manyan baƙaƙe, na manna a rumfa.

A hanyar gida muka biya asibiti. Babagana na kwance, ƙirji a ɗaure. Baba ya ajiye masa lemo da madara, ya yi masa sannu, sannan ya sunkuya.

"Ɗana, in ka samu sauƙi, ka zo kasuwa ka faɗa wa mutane jiminar wa ta karya ka."

Babagana ya fara dariya, ya dafe ƙirji, ya fasa.