Tagwayen da Na Raba

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, ko a aji ma ba na ɗaga hannu. Abin ne ya ƙi fita daga raina.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, Dakta, mai duba aikina, ya ba ni sinadarai biyu na wani magani in raba. Tagwaye ne: nauyinsu ɗaya, kayan jikinsu ɗaya, zaman ƙwayoyinsu kaɗai ya bambanta. Ana kora su da ruwa ta cikin wani siririn bututun ƙarfe cike da garin yashi, wanda ya fito sai ya zana tudunsa a allon kwamfuta. Tudu biyu ake nema. Dakta ya ce in na samu, sunana zai hau takardar da za a buga.

Wata huɗu ina samun ɗaya.

"Malama Littafi, yau ma raƙumin naki tozo ɗaya?" in ji Baba, mai kula da na'urar.

Dakta ya ce dole ruwan korar ya zama mai tsami, haka aka saba. Ni kuwa na karanta cewa irin waɗannan sinadaran sun fi rabuwa a ruwa mai kanwa-kanwa. Rannan na gwada, ban tambayi kowa ba. Sai ga tudu biyu, da fili a tsakaninsu har akuya ta kwanta.

Abin da ban karanta ba shi ne, irin wannan ruwan yana cinye yashin. Kwana uku bututun ya mutu.

"Wa ya aike ki?" in ji Dakta, a gaban kowa. "Baba, kada ta ƙara taɓa na'urar nan."

"Ranka ya daɗe," na ce, "amma ai sun rabu..."

"Na tambaye ki?"

Bayan wata guda aka kawo sabon bututu mai jure kanwa. A taron sashe Dakta ya haska tudu biyu a bango. "Da na yi tunanin sauya ruwan," ya ce, "sai komai ya warware." Sunaye uku ne a ƙasa. Sau biyu na karanta su, kamar nawa zai tsiro.

Aka ɗauki tafi. Baba ya sunkuyo wajena. "'Yar nan, kura da shan bugu..." Bai ƙarasa ba, Dakta ya waiwayo, sai Baba ya shiga tafin shi ma.

Dama kusa da ƙofa nake zama. Ana cikin tafin na rungume littafina, na zare jiki.